Tun da Aka Koma Hannun Dama

Unguwar Kanti,
Kazaure.
14 ga Mayu, 1972.

Zuwa ga yayana, Hamma Daudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amna da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ka daga sharrin injuna da na mutane, ya sa albarka a abin da kake nema, amin. Mu nan muna godiya ga Allah. Zafi ya yi tsanani bana, duwatsun bayan gari har turiri suke yi da rana, amma an fara ganin hadari ta gabas, kowa ya gama sharar gona yana jiran sama. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya motsa. 'Yar'uwarmu Adda ta sauka lafiya a Gwiwa, an sami namiji, an sa masa Muhammadu Lawal. Kawu Abu ya dawo da shanu daga kudu, bai rasa ko ɗaya ba sai wata tsohuwar saniya.

Hamma, sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa, domin abin da zan faɗa maka Baba ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Na riƙe alkawarin mako uku, ya fi ƙarfina, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada gabanka ya faɗi tun yanzu: Baba yana nan da ransa, yana tafiya da ƙafafunsa, ba ya kwance. Amma ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ba sai na gaya maka matsayin babur a gidanmu ba. Ka fi ni tunawa da ranar da En'e, hukumar gargajiya, ta ba Baba baƙin babur ɗin nan na Ingila, shekara biyu kafin samun mulkin kai, lokacin yana malamin allurar shanu. Da shi ya zagaye rugagen Roni da Gwiwa da Babura a shekarun allurar bushiya, cutar nan ta shanu, kuma da ya ajiye aiki bai yarda an raba su ba. Ni a kan tankin mai na girma, kai kana baya ka rungume shi. Da maciji ya sari Adda a gona, da rawaninsa ya ɗaure ta a bayansa ya kawo ta asibiti kafin dafin ya hau. Inna kuwa tun yana gangarowa daga dutse take gane ƙararsa ta ɗora ruwan zafi. Baba ne ya koya maka hawa a filin bayan makaranta, ranar da ka shige cikin kargo da gudu yana dariya har da hawaye, kuma daga wannan kwance-kwancen inji da kuke yi tare a zaure ka sami sana'ar da ta kai ka inda kake. Ni ma ɗan jan babur ɗina da nake zuwa koyarwa Roni da shi, shi ya zaɓa mini, shi ya fara ɗana shi. Shekara goma sha huɗu yana kan hanya, ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma ka san yadda yake alfahari da wannan.

To, ka san ranar biyu ga watan jiya aka canja hannun tuƙi, aka bar hagu aka koma dama. Na san ku ma can haka ne. A nan tun ana saura wata guda rediyo ba ta da wata magana sai wannan, aka lilliƙa takardu a tasha, 'yan sanda suka tsaya a bakin kasuwa suna nuna wa mutane. Baba ya yi ta dariya, ya ce wanda ya bi hanyar shanu cikin daji ba a koya masa hagu da dama. Har ya ɗaura jan zare a hannun babur na dama, wai don tuni. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma sai na lura ya rage fita, ba ya tashi sai rana ta ɗaga sosai, kuma in ya dawo daga ɗan zagayen cikin gari ma sai ka ga riga ta jiƙe da gumi. Wata rana ya wuce Kawu Abu a ƙofar masallaci bai gaishe shi ba, alhali yana tsaye dab da kafaɗarsa ta dama. Wata rana kuma ya zuba shayi a gefen kofi. Duk na gani, na ce tsufa ne, ban kawo komai a raina ba. Wannan sakacin nawa yana cikin abin da ke cina yanzu.

Ranar sunan ɗan Adda, wata Alhamis, muka fita da hantsi, shi a gaba ni a baya kamar kullum, don ka san ba a wuce Baba a hanya. Sai mun ɗan bi kwaltar Daura kafin mu sauka burji zuwa Gwiwa. Muna tafe lafiya har muka kusa kwanar nan da dutse yake matsowa bakin titi. A nan na ga babur ɗinsa ya fara zamewa a hankali, daga dama zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa hagu, ya daidaita a can kamar a da, bai rage gudu ba. Ina shirin matsa masa ham sai ga gingimari cike da shanu ta ɓullo daga bayan dutsen, a kan hannunta, kai tsaye inda Baba yake. Hamma, na danna ham har yatsana ya yi ciwo, na yi ta ƙwala masa kira, iska tana kwashe muryata. Direban ma yana ta ham yana taka birki, tayoyi suna hayaƙi, shanu suna faɗawa kan juna. Baba bai kauce ba. Ko kai bai ɗaga ba. Da direban ya ga haka sai ya karkato motar zuwa hannuna, ni kuma na saki kwalta na faɗa kwari. Ina ƙasa na ga jikin motar ya shiga tsakanina da Baba, ya rufe shi ruf, kuma a wannan ɗan lokacin na gama yanke cewa mun zama marayu.

Da motar ta wuce na hango shi kwance cikin rairayi a ɗaya gefen, babur yana gefe tayar baya tana juyawa. Iskar motar ce ta jefar da shi, ƙarfe bai taɓa shi ba. Na ruga ban san ma gwiwata tana jini ba. Kafin in isa ya tashi zaune yana laluben hularsa, hular kuwa tana tsakiyar titi, taya ta bi ta kanta ta shafe ta. Direban ya sauko da gudu yana zage-zage, amma da ya ga farin gemu sai ya zauna daɓas a bakin kwalta ya ɗora hannu biyu a ka. Da ya sami magana sai ya ce shekararsa ashirin yana jan mota bai taɓa ɗaukar ran kowa ba, ya roƙe ni don girman Allah in riƙe tsohon nan a gida, kada in sa wani bawan Allah ya kwana da alhakinsa. Baba ya ba shi hannu kawai.

Bayan motar ta tafi muka koma gindin wani marke. Na ce masa kowa yana mantuwa, hannun sabo ne, ko direbobin Kano ma suna ruɗewa. Can sai ya ce in tsaya ta damansa in ɗaga hannu. Na ɗaga. Ya ce shi ba ya ganin hannu, ba ya ganin mai hannun. Ya ce idonsa na dama ya kai shekara biyu da rufewa, na hagun ma ya fara yin hazo-hazo kamar ana hura wutar ɗanyen ice. Ya ce duk tsawon wannan lokaci da gefen kwalta yake tafiya: idon hagu yana bin bakin titi, shi kuma yana bin idon, shi ya sa bai taɓa kuskure ba. Yanzu da aka ce a koma dama, bakin titin ya koma ɓangaren da ba ya gani, sai ya ji kamar yana tafiya a kan katanga, jikinsa da kansa yake neman hagu ba da saninsa ba. Motar kuwa ya ce bai gan ta ba sai da inuwarta ta rufe shi, ƙarar ham ɗin ma ya ɗauka daga baya take. Daga nan ya kama hannuna ya ce kada Inna ta ji, kada na Fatakwal ya ji. Ka san ba ya kama sunanka, haka yake kiranka.

Muka ƙarasa Gwiwa ni a gaba, karo na farko a rayuwata, shi yana bin farar rigata. Ko taku ɗari ba na yi sai na waiga. A wurin suna ya ce wa Adda rairayi ne ya kayar da shi, aka yi ta yi masa tsiya yana dariya. Amma da aka miƙo masa jaririn na ga yadda ya karkata kai gefe guda, ya kawo fuskar yaron kusa da idonsa na hagu, ya daɗe yana dubawa kamar mai haddacewa. Fita na yi daga zauren.

Sauran kwanakin hutun makaranta duk inda za shi ina gabansa. Bai taɓa cewa in raka shi ba, ni ma ban taɓa cewa rakiya nake yi ba, in na ji ya fito da babur sai kawai in tuna ina da wani uzuri a can. Amma da aka koma makaranta dole in tafi Roni tun safe, ba na dawowa sai bayan azahar. Tsoro ya sa na yi abin da nake jin kunyar rubutawa. Wata safiya yana bayan gida yana duba tumaki, na cire fulogin babur ɗinsa na sa a aljihu na tafi. Da na dawo na tarar ya ɗauko wani daga gwangwanin kayan gyaransa ya ɗaura, ya goge injin tas. Bai yi faɗa ba. Sai da muka gama cin abinci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ranar da ya koya mini kwance fulogi bai san a kansa zan gwada ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sai ranar Talatar da ta wuce. Labari ya zo cewa Malam Mele na Babura, abokin aikinsa tun zamanin allura, wanda suka yi shekaru suna jerawa a hanya kowa da nasa babur, yana kwance jiki ya yi tsanani. Na ce ya bari ranar Asabar mu je tare, ya ce to. Da na dawo daga Roni na tarar da Inna tsaye a zaure, ita da ba ta taɓa leƙowa nan da rana, wurin ajiye babur kuma wayam. Ta ce ya fita tun ina bayan gari. Na fara kame-kame ina cewa ai ba komai, sai ta ce in daina wahalar da kaina, ita ta sani tun kafin ni. Ta ce shekara biyu ke nan tana ajiye masa kwano da buta ta hannun hagu, tana kawar da turmi daga hanyarsa, ba ta taɓa nuna masa ta gane ba, don ta san ranar da aka faɗa a fili ranar za a karya shi. Daga nan ta nuna mini ƙofa kawai.

Ban san yadda zan kwatanta maka wannan tafiyar ba. Duk motar da ta taho sai na dubi gabanta ko zan ga alamar jini ko tsumman riga. Duk inda na hangi mutum uku sun taru sai in tsaya in leƙa. A wani wuri na ga ungulaye suna sauka bayan wata gona, na ajiye babur na tafi da ƙafa ina salati, ashe mushen jaki ne. Na tambayi masu tallar fura, na tambayi makiyaya, wasu suka ce sun ga wucewarsa da safe, babu wanda ya ga dawowarsa. Sai wajen la'asar, kimanin mil bakwai daga gari, na hango mutum yana tahowa a ƙasa yana tura babur. Shi ne. Leɓunansa sun bushe, takalminsa ɗaya ya tsinke ya rataye shi a hannun babur, yana taka ƙasa mai zafin nan da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ya ce bai kai Babura ba. Ya isa inda ake aikin hanya, manyan motocin ƙasa suna kaiwa suna komowa, ƙura ta tashi, ƙara ta ko'ina, ya rasa ina ne dama ina ne hagu, ina ne titin ma. Sai ya tsaya ya kashe inji. Ya ce da ƙurar ta lafa ya ɗora ƙafa zai tayar, ƙafar ta ƙi. Ya zauna a gindin bishiya har rana ta karkata yana lallashin kansa, daga baya ya juyo. Na ce ya hau bayana mu bar nasa a wani gida gobe a ɗauko, ya ce bai taɓa kwana wuri ɗaya babur ɗinsa wani wuri ba. Na ce to ya kawo in tura masa, ya ce kowa ya riƙe nasa. Haka muka taho a jere, kowa yana tura babur mai lafiya da mai a tanki, mutane suna tambaya ko lalacewa suka yi, har muka shigo gari ana kiran magariba. Ranar Alhamis aka aiko cewa Malam Mele ya rasu. Allah ya jiƙansa. Ba su gana ba.

Tun ranar Baba bai cika magana ba, abinci ma sai Inna ta tsaya a kansa. Kawu Abu ya samo masa gaban mota don zuwa gaisuwa, ya ƙi, ya ce mutumin da suka yi zamani a kan babur ba zai je masa ta'aziyya a ƙunshe kamar buhun gyaɗa ba. Ya ce sadakar arba'in kuwa da shi za a yi, in Allah ya kai rai. Bai faɗi yadda zai je ba, ni kuma na ji tsoron tambaya. Ka lissafa da kanka ka ga kwanakin da suka rage.

Jiya na samu na lallaɓa shi malamin asibiti ya duba idon. Malamin ya ce yanar ido ce, kuma a asibitin ido a Kano ana cire ta, na hagun akwai kyakkyawan zato in an hanzarta, na daman sai abin da likita ya gani. Baba ya ce shi ba ya son a sa masa wuƙa a ido. Inna ta sa baki, karo na farko a gabansa, ta ce ta gaji da kawar da turmi. Ya sunkuyar da kai, ya gane ta daɗe da sani. Can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: a kan babur ɗinsa zai shiga Kano, kuma na Fatakwal ne zai ja shi. Na san dabararsa, ya san hutunka sai da Sallah, yana neman jinkiri ne. Na ce ai ga ni, ni ma zan iya kai shi. Sai ya juyo da idon hagun ya dubi hannayena.

Gaskiya ya gani, Hamma, kuma kai kaɗai zan gaya wa. Tun ranar gingimarin nan hannuna rawa yake yi a kan babur. In na hango babbar mota sai in sauka daga kwalta in tsaya har ta wuce, wani lokaci sai na zauna a ƙasa kafin numfashina ya dawo. Tafiyar Roni da nake yi cikin ɗan lokaci yanzu tana cin ninki biyu, har hedimasta ya fara tambaya. Abin da na fi so a duniya tun ina kan tanki ya zama abin da nake addu'a kafin in taɓa. Ba zan iya ɗaukar Baba a bayana in shiga cunkoson Kano a sabon hannu ba. In na gwada, mu biyu za a rasa.

Saboda haka ina roƙonka don Allah, don darajar iyaye, ka nemi izini a wurin aiki ko na mako biyu ne, ka hau jirgin ƙasa zuwa Kano ka taho. Na san ba abu ne mai sauƙi ba, kuma na san nauyin iyali da ke kanka, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni kuwa nawa hannun ka ji halin da yake ciki. Kada ka tsaya rubuto amsa, takarda tana cin kwana goma, ka buga waya ta gidan waya ka faɗi ranar kawai. In ka zo zai gane ni na karya alkawari. Na yarda ya yi fushi da ni shekara, in dai yana ganina yake fushin.

Ka gaishe mini da Amna da kyau, ka ce matata Fatu tana gaishe ta, tana godiya da atamfar da ta aiko. Ka shafa mini kan Ma'u da ƙannenta. Inna tana sa muku albarka, ita ta ce in rubuta, ta ce in an yi faɗa ta ɗauka. Kawu Abu da Goggo Dela da Hajja Kaka duk suna gaisuwa, Adda ma ta aiko da tata, ita har yanzu ba ta san komai ba.

Zan tsaya nan, don ga Baba can ya sake tayar da babur ɗin. Kwana uku ke nan haka yake yi da hantsi: ya shiga zaure, ya hau, ya buga inji, ya zauna a kai hannu biyu a riƙe, ido a rufe, yana sauraro. Ba ya fita. Amma ƙofar zauren a buɗe take, tana kallon titi, kuma duk lokacin da ƙarar ta ɗan canja sai in ajiye alƙalami in kasa kunne ko giya ya sa. Yau Lahadi ina gida. Gobe ina Roni.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same mu yadda muke.

Ni ne ƙanenka,
Sama'ilu.